Kaset ɗin Kaka da Ya Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa da ranar Asabar ɗin da kakata ta kunyata ni a gaban jama'a ba, alhali ta fi shekara talatin da rasuwa. Allah ya jiƙanta, ba laifinta ba ne. Ni na ɗauko ta da hannuna, na saka mata sababbin pil, wato batir, har na ƙara murya don na baya su ji da kyau.

Abin ya samo asali ne daga ɗiyata Mariyama, mai shekara takwas. Da babban hutun lakwal, wato makaranta, ya gabato, sai na ce bana za ta je ƙauyenmu can wajen Tasawa, ta yi wata guda wurin Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ita kaɗai ta rage a gidan kakanninmu. Yarinya ta dube ni ta ce, "Baba, akwai tele a can?" Na ce babu. Ta ce, "Waya tana kamawa?" Na ce sai an hau tudu. Ta ce, "To ni 'yar Yamai ce, me zan je yi?" Ta juya ta ci gaba da danna wayar uwarta.

Maganar nan ta sosa mini rai, ba zan ɓoye ba. Gwaggo ta tsufa. Idan ta cika Mariyama ba ta taɓa zama kusa da ita ba, shi ke nan, ƙauyen ya zama suna kawai a takardar haihuwar kakanta. Na lallasa, na yi faɗa, na yi alkawarin keke. Yarinya ta kafe.

Muna da ƙungiyar 'yan garinmu, duk ƙarshen wata muna haɗuwa a gidan shugabanmu Alhaji Mamman, a unguwar Bukoki. A zaman da ya biyo baya na miƙe na yi jawabi mai zafi. Na ce yaranmu sun iya Faransanci, sun iya Zabarmanci, amma ba su san guga ba, ba su san rumbu ba. Na ce a ware Asabar guda a tara su, a nuna musu yadda aka rayu a da. Aka tafa mini. Alhaji Mamman ya ce tunda ni na kawo shawara, ni zan zama malamin.

(A nan ya kamata in faɗi gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba a lokacin. A Yamai aka haife ni, a Bukokin nan na girma. Sau ɗaya tak aka taɓa kai ni ƙauye, ina ɗan shekara bakwai, na yi mako uku. Amma kun san labari yana girma da mai shi. Da na shiga aikin gwamnati mako ukun ya zama damina guda. Da na yi aure ya zama shekara biyu. Da aka haifi Mariyama kuwa, ai kusan a ƙauye na tashi, ina kiwon awaki.)

Na so in kawo abin da zai burge yara, sai na tuna da kaset. A zamaninmu tsofaffin da ba sa rubutu da kaset suke aiko da saƙo. A aro rediyo wurin maƙwabci, tsohuwa ta zauna ta amayar da duk abin da ke ranta, a naɗe kaset ɗin a tsumma a ba direban kar, wato motar fasinja, bayan kwanaki ya iso Yamai. Na je wurin mahaifiyata na ce, "Inna, cikin kaset-kaset ɗin da Kaka take aiko wa Baba, akwai sauran wanda bai lalace ba?" Ta tambaye ni me zan yi da shi, na yi mata bayani dalla-dalla, har da batun kiwon awaki. Ta ɗago kai ta dube ni. Sannan ta jawo akwatinta na ƙarfe, ta daɗe tana tonawa, ta ture guda huɗu ko biyar, ta miƙo mini wani da aka ɗaure da jan zare. Ta ce, "Ɗauki wannan, ya fi dacewa da yara." Na ga tana murmushi, na ɗauka kewar surukarta ce.

Rediyo mai kaset kuma sai da na yi yini biyu a kasuwar Katako kafin in samu. Wani mai kayan tsofaffin ƙarafa ya kakkaɓe mini guda, yana tambayata ko gidan tarihi zan buɗe. Na kawo gida na gwada. Muryar Kaka ta fito ras, tana gaisuwa. Ta gai da Baba, ta gai da Inna, ta gai da maƙwabta gida-gida, ta shiga ba da labarin gero da lafiyar tumaki. Idona ya ciko da ƙwalla. Da na ji minti uku ana gaisuwa, sai na kashe, na ce ai na gane, haka zai tafi har ƙarshe. Ga pil ma kada su ƙare.

Ranar Asabar da la'asar tsakar gidan Alhaji Mamman ya cika. Yara sun kai talatin a kan tabarmi, har da na Kwara Kano, unguwar masu kuɗi, da aka sauke a motoci masu sanyi. Iyaye suna bisa kujeru a baya. Mata sun kawo dambu da kopto, wato kwaɗon zogale. Inna tana gefe da carbinta. Ni kuwa na sha babbar riga, na ɗora malfa (malfar ma a Katako na saye ta, har ƙanshin sabon kaba take yi).

Na fara da nuna guga da faifai da fitilar ƙwai. Daga nan baki ya buɗe. Na ce, "Lokacin da nake kamar ku, kafin rana ta fito na ɗebo ruwa a rijiya mai gaba ashirin. Jaki kuwa ba ni da abin hawa sai shi, ko akumari ba na sawa. Ba mu san tele ba, ba mu san kuka ba. Abin da aka ba mu shi muke ci, mu gode." Ina faɗa ina satar kallon Mariyama. Na ga ta buɗe ido tana dubana da wani irin girmamawa, sai na ƙara da cewa na taɓa korar dila da sanda.

Sannan na ɗauko rediyo. Yara suka matso. Wata ta shafa gilashin wurin kaset da yatsa tana jiran ya kunnu. Wani ya tambaya ta ina hoton mai maganar zai fito. Na nuna musu yadda ake juya zaren kaset da bik, wato biro, suka yi ta mamaki. Kafin in danna, na ɗaga yatsa na ce, "Doka guda ce. Idan babba yana magana ba a katse shi. Kowa ya yi shiru har tsohuwa ta gama." Suka amsa baki ɗaya, "To, Tonton," yadda yaran Yamai ke kiran kawu.

Gaisuwa ta tafi lafiya lau. Tsofaffi suna gyaɗa kai, ana jin sunayen mutanen da suka riga mu gidan gaskiya, ana Allah ya jiƙan wane. Na tsaya na harɗe hannu kamar ni na ƙera rediyon. Aka wuce gero, aka wuce tumaki, aka iso daidai inda na kashe a gida. Sai Kaka ta yi gyaran murya.

"To, sai batun wanga miji nau da kunka aiko mani hutu."

Nan take na gane. Jika namiji ɗaya ne aka taɓa aika mata hutu daga Yamai, kuma kowa a wurin ya san wane ne.

"Ni dai ban taɓa ganin ragon miji irin wanga ba. Tun ran da ya sauka shina kuka. Ya ce ina tele, na ce ga wata nan bisa, ya kalla. An ba shi ruwan rijiya ya ce da ƙasa ciki. An dama mai hura ya ce ba sukari. Shekaranjiya na ce a ɗora shi bisa jaki, jaki bai ko motsa ba, kunne kawai ya kaɗa, sai ga mijina ƙasa shina kiran uwa tai."

Dariya ta fara daga kujerun baya. Na kai hannu zan kashe, sai na ji an riƙe mini wuyan hannu. Alhaji Mamman ne, hawayen dariya na zubo masa. Ya ce, "Haba Malam, ba kai ka kafa doka ba? Ba a katse babba." Yara suka ɗauka, "Ba a katse babba, Tonton."

Kaka ta ci gaba abinta. "Rijiya ko, ko leƙa ta bai yi ba. Zakaran gidan ga ya bi shi, ya haye turmi ya ƙi sauka sai da anka kama zakara anka rufe. Jiya da hantsi na neme shi na rasa, ashe ya ɗau jakka tai ya tai bakin hanya, wai shina jiran kar ta kai shi gida. Ga shi nan ma, zo ka gai da ubanka."

Aka ji motsi a cikin rediyo. Sai wata siririyar murya mai majina ta tsage da kuka: "Ni ba na son nan. Ni ɗan Yamai ne. A zo a ɗauke ni."

Jama'a, na so ƙasa ta tsage in shige. Wata Hajiya ta sauko daga kujera ta zauna a ƙasa don dariya. Yara suna birgima bisa tabarma, wani yana kwaikwayon zakara. Zufa ta jiƙe babbar riga, malfa ta yi mini nauyi a ka kamar an ɗora mini turmin. Na dubi Inna, ta duƙar da kai tana jan carbi, kafaɗunta suna rawa. Mariyama ce kawai ban iya kallo ba.

Dariya ta lafa ne don an ji muryar tsohuwa ta sauya. Ta yi ƙasa da ita, kamar ba ta so yaron da ke kusa ya ji.

"Amma dai kar ku yi mai faɗa. Baƙunta ce. Daren jiya ya ci tuwo har ya nemi ƙari, ya kwana riƙe da zanena. Don Allah baɗi ku sake aiko mani shi. In ya zo sau biyu, sau uku, zai san nan ma gida ne. Ni ko in ya tahi, gidan zai yi mani faɗi."

Kaset ya yi ƙara ya tsaya. Alhaji Mamman ya sake mini hannu, ya ce a yi wa tsohuwa addu'a, aka shafa. Sannan aka ci dambu, kuma duk wanda ya zo wucewa sai ya dafa kafaɗata ya tambaye ni lafiyar dila.

A hanyar komawa gida Mariyama tana bayana a kan moto, wato babur. Sai da muka tsaya a wata danja ta ce, "Baba, ka koma baɗin?"

Ƙarya ta zo mini har bakin leɓe, don ta saba hanya. Na haɗiye ta. Na ce, "Ban koma ba. Da aka ce in shirya na yi ta kuka har aka ƙyale ni. Kafin wani hutun ya zagayo ta rasu. Wannan maganar tata ta ƙarshe ma yau na fara jin ta."

Muka iso ƙofar gida. Tana sauka ta ce, "Zan je wurin Gwaggo. Amma in na yi kuka kar a gaya wa kowa."

Na ce na yarda.

Ta ce, "Kuma tare za mu. Kai ma sau ɗaya ka je. In zakara ya biyo ka zan kore shi."

Haka aka yi, mun je tare, mun yi kwana goma sha biyu. Ta yi kuka kwana biyu, a na uku na same ta tana koya wa Gwaggo yadda ake naɗar murya a waya. Abin da suka naɗa a kaina ban nemi in ji ba, na dai ji suna ta ƙyalƙyala dariya a ɗaki.

Har yau a ƙungiya ba mai kirana da sunana, sai Mijin Kaka, kuma na daina musu. Na tambayi Inna ko da gangan ta zaɓi wancan kaset, ta ce ita tsohuwa ce, idonta ba ya gani sosai. Darasin da na ɗauka dai bai wuce biyu ba. In za ka kunna wa jama'a kaset, ka saurare shi har ƙarshe tukuna. In kuma za ka yi wa yara ƙaryar zamanin da, ka tabbata uwarka ba ta da akwatin ƙarfe.