Rasuwar Inbata Dogo, da Ɗigon Jan Fentin da Ya Ɓata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Baba Bulus Kazah na Kamazou, tare da uwargidana Rhoda, muke sanar da dangi da maƙwabta rasuwar inbatanmu, injin da ke ba gida wuta daga batir idan an ɗauke lantarki, wanda aka fi sani da Dogo. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana da shekara bakwai, a bakin aikinsa na ɗumama ƙwai.

An haifi marigayin a Makera, shekara biyar bayan komawar mulki hannun farar hula, a teburin aminina Malam Lawal, wanda muka yi aikin masaƙa tare kafin a rufe ta. Da hannunsa ya haɗa shi, kuma bai sallame ni ba sai da ya fahimtar da ni halittarsa. Ƙofofi huɗu ne a ƙirjinsa, waɗanda ake kira mosfet, biyu a sama, biyu a ƙasa. Ta ƙasa ba ta da wuyar sha'ani. Ta sama kuwa ba ta buɗuwa sai an taɓa ta da ƙarfin da ya zarce na batirin kansa. Saboda haka aka ajiye mata 'yar kafasita, wadda ke cika cikinta yayin da ta ƙasa ke buɗe, sannan ta ɗaga ta sama idan lokacinta ya yi. Mai ba su umarni wani ɗan baƙin abu ne mai ƙafa goma sha huɗu, shi ne direba. Doka ɗaya Malam ya kafa masa: kada ta sama da ta ƙasa su taɓa buɗuwa tare, ko da na ƙiftawar ido, domin ranar da suka yi haka, wuta ce.

Shekara bakwai marigayin bai karya wannan doka ba. Idan aka ɗauke wuta, sai ka ji “ƙyat”, sannan “hmmm” a hankali, kamar dattijon da ya yarda da magana. Bai taɓa ƙona ƙwan fitila ba. Kajin da suka fito ta dalilinsa sun shiga tukwanen rabin unguwar nan.

Ciwon ajalinsa ya fara ne daga abin da bai kai ya kawo ba. Fankarsa ce ta tsaya, Malam Lawal kuwa yana jinyar ido. Na ɗauke shi da kaina zuwa shagon Jethro, mai gyara a bakin titi, wanda na san mahaifinsa. Fanka kaɗai na ce a canza. Aikin rabin awa ya kwana uku. Da ya dawo, fanka tana juyawa, amma muryarsa ta sauya. Inda yake cewa “hmmm”, ya koma “ziiii”, jikinsa kuma da zafi. Kwana tara ya yi a haka. Ranar Talata ya ce “tas” sau ɗaya, hayaƙi ya fita.

Ban tuhumi kowa ba. Sai dai ni mutum ne da ya koyi karatu yana da shekara arba'in, don haka ba na tsallake harafi. Malam Lawal ya ɗiga jan fenti a kan kowane abu da ya dasa, ni kuma na kwafe lambobinsu a bayan littafin waƙoƙina. Na buɗe gawar, na sa tabarau, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowa da ɗigonsa, ban da direba. Lambar da ke bayansa daidai take da tawa, amma da na shafa ta da yawu a babban yatsa, sai ta biyo yatsan. Dalmar ƙafafunsa kuma sabuwa ce, tana ƙyalli. Ban san hanyar zuwa fanka tana bi ta wajen direba ba.

Marigayin ya bar batura biyu, da rediyo, da ƙwai ɗari da ashirin da ya rage kwana shida su ƙyanƙyashe. Rhoda ce ke riƙe da su da fitilar kananzir, tana gwada ɗuminsu da fatar idonta. Mun riga mun rasa goma sha ɗaya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a ƙofar gidana. Malam Lawal, wanda idonsa ɗaya ya buɗe, shi zai duba gawar. Ya ce yana da ƙofofi huɗu a ajiye, kuma idan direban asali ya dawo, binnewa ba dole ba ce. Don haka za a ajiye kwanon dusa a zaure. Kowane mai ta'aziyya zai cusa hannunsa a dunƙule, ya fitar a buɗe, ba mai kallon wani, domin duk mai riƙe da direban ya bar shi a cikin dusar. An tanadar wa Jethro kujera a sahun gaba.

Ba ma karɓar shinkafa ko lemo. Wanda yake da kaza mai kwanci, ya taho da ita tun yau.