Yadda Za Ka Hana 'Yarka Alfahari da Kai

Malama ta ce kowane yaro ya haɗa littafin hotuna a kan sana'ar babansa, a karanta a gaban iyaye. Kai kuwa motar yasar masai kake tuƙawa, makwabta kuma a matsayin "ma'aikacin hukumar tsafta" suka san ka. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, nasara tabbas ce.

1. Fara duba ɓarnar

Shafin farko motarka ce, ga tiyonta kamar hancin giwa. Na biyu kai ne a bakin famfon tsakar gida, kana cuɗa hannu har gwiwa kafin ka ɗauki 'yarka. A ƙasa ta rubuta: "Babana ya fi kowa ƙamshin sabulu." Kada ka yi murmushi. Murmushi ke lalata yara.

2. Kawo gyara

Ka ce, "'Yar baba, a sa mini kwat da tebur mana."

Za ta ce, "Baba, ai ba ka da tebur."

Shaida mata masana sun tabbatar zane ba ruwansa da gaskiya.

3. Kauce wa uwarta

Ita ta sayo kalolin. Abin da za ka samu kawai shi ne, "Maigida, motar nan ce fa ta yi mana rufin ɗaki." Irin wannan magana ba ta ciyar da mutum gaba.

4. Faɗa wa 'yarka dalili

Ka ce 'yan aji za su yi dariya. Za ta ɗago kai ta ce, "Dariyar me?"

Nan aikin yake. Ba wanda ya taɓa gaya mata akwai abin kunya a ciki, sai kai. Daure ka yi mata bayani dalla-dalla. Zuciyarka za ta yi zafi, kada ka kula ta.

5. Ranar karatu, zauna a baya

Za ta buɗe littafi: ga kwat, ga tebur, ga mutum marar fuska, don ba ta san wanda za ta zana ba. Za ta karanta ƙasa-ƙasa, ba za ta nemo ka da ido ba. Iyaye za su tafa. Barka, ka gama.

Gargaɗi

Marubuci ya wanke hannunsa daga duk abin da ya biyo baya. In ka dawo da yamma ta ji ƙarar motarka amma ba ta rugo bakin ƙofa ba, kada ka neme ni. Matakin gyara wannan ni ma ban san shi ba.