Yadda Na Tsare Gandun Daji Daga Wani Dattijo

Ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, ba na jin zan manta da ranar da na tashi ceton ƙasa daga kwararowar hamada.

Lokacin na shiga cikin 'yan sa-kai masu gyaran wani gandun daji da ke tsakanin Karaye da Rogo. Aikinmu dashen maɗaci da ɗorawa, mu kewaye su da ƙaya, mu yi ta jidar ruwa a jarka muna ba su. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce kishin muhalli ne ya kawo ni. Gaskiyar magana kuwa, akwai wata Rahama a Ruwan Bago da nake nema da aure, kuma ta taɓa ce mini tana son namiji mai amfanar jama'a. Manyana na shirin zuwa gidansu tambaya, amincewar mahaifinta kawai ta rage.

Da aka raba mana koriyar falmaran sai kaina ya kumbura. Har usur na sayo (babu wanda ya sa ni). Jama'a suna haƙa rami, ni ina zagaye ina ɗaukar hoto ina tura wa Rahama.

Wata Asabar da hantsi na tarar awaki sun ɓalle shinge suna cinye dashe, kuma layin da na dasa da hannuna ne, ɗan guda ɗaya tilo. A bayansu ga wani dattijo da malafa yana ta fama ya koro su waje. Na busa usur, na damƙe ƙafar wata akuya.

"Kai tsoho, tsaya nan! Da furfurarka kake kiwo a gandun gwamnati?"

Ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa hannu. Abokan aiki suka fara taruwa, ni kuwa ganin 'yan kallo ya ƙara mini ƙaimi. Na yi masa bayanin ɗumamar yanayi, na yi masa na zaizayar ƙasa, har na faɗi abin da ni ma ban san ma'anarsa ba. Sannan na rufe da abin da ya fi komai kyau: "Wallahi ina tausayin 'ya'yan da ka haifa, don ban ga tarbiyyar da za ka ba su ba!"

Na mai da usur baki ina huci. Dattijo ya gyara malafarsa a natse.

"Ka gama, yaro? To madalla. Ya mutanen Yammedi? Ya wajen Alhaji?"

Yammedi garinmu ne, Alhaji kuma mahaifina. Wannan "madallar" kuwa na san ta. Na sauke ido ƙasa, sai ga takalmin fata mai ɗinki a wajen babban yatsa. Mahaifin Rahama ne! Duk zuwan da nake yi gaishe shi a zaure, durƙusawa nake kaina a ƙasa saboda kunya, kamar yadda kowane ɗan mutunci yake yi. Na haddace takalminsa, ban taɓa ganin fuskarsa ba.

Na zube ƙasa, ƙafar akuya na hannuna. Na ce zan gaishe shi, na manta da abin da ke bakina, sai usur ya yi wani ɗan siririn kuka. Na tofar da shi.

"Baba... ina kwana?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Sai dai ƙarancin tarbiyya da ke damunmu."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Bayana kuwa har da mai faɗuwa don dariya.

Da manyana suka je tambaya, ya karɓe su hannu biyu, ya ce su ba shi lokaci zuwa bayan kaka, yana so ya ƙarasa tarbiyyar yarinyar tukuna. Kawuna ya dawo yana tambayata ko na san inda maganar ta dosa. Rahama ta daina ɗaga wayata. Damina guda na yi ina ramewa, ina haƙa rami tsakani da Allah, babu hoto.

Bayan kaka ya ba ni ita. Amma har yau in na durƙusa gaishe shi sai ya ce, "Ɗago kai, mai gandu, ka dube ni da kyau. Gobe zan fita da awaki."

Kunyar suruki abu ne mai kyau, ban ce a daina ba. Amma don Allah ka saci kallon fuskarsa ko sau ɗaya ne, kafin ka fara yi wa tsofaffi wa'azi a daji.