Rasuwar Kofur Tafi-Sannu na Kwatas ɗin Reluwe

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya rasa wurin zama, Malam Meshak Zamani, fita, wato makaniki, a lokon gyaran jirgin ƙasa na Kafanchan, yana sanar da 'yan'uwa da abokan aiki da dukan ikilisiya rasuwar mutum-mutuminsa, Kofur Tafi-Sannu, wanda ya yi barci ranar Lahadi bayan sujada, cikin watan Yuli na 1977, yana da shekara biyar.

An haifi marigayin a kan teburin cin abinci. Wata Baturiya nas ce, da za ta koma ƙasarsu, ta bar wa Selina, 'yar Malam Meshak, kwali guda na bulon wasan yara, na roba, ja da fari, masu shiga cikin juna, haɗe da ƙananan giyoyin inji masu haƙora. Selina tana da shekara takwas a lokacin, shan inna ya riga ya cinye ƙafafunta biyu, da hannu take jan jiki a tsakar gida. Uban ya zazzage kwalin, ya ga giyoyin nan, ya fara haɗa su. Wata huɗu yana haɗawa yana warwarewa. Ya ciro sifirin, naɗaɗɗen ƙarfen nan mai juya inji, daga tsohon garmaho ya sa wa mutum-mutumin a ƙirji. Ranar da ya murɗa makullin bayansa ya ajiye shi ƙasa, abin da bai kai tsawon kwalbar man ja ba ya ce ƙirrr, kas, kas, ya taka taku huɗu kamar soja a fareti. Selina ta yi dariya har ta shaƙe, ita ce kuma ta raɗa masa suna.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa neman abinci ba sai ɗigon man keken ɗinki. Cikinsa cike yake da giya, amma irin ta inji, ba a taɓa ganinsa gidan burkutu ba. Idan ya faɗi ba ya kuka, sai ya ci gaba da wutsil-wutsil da ƙafa har sifirin ya ƙare. A shekararsa mafi kyau ya yi taku goma sha ɗaya ba tare da an riƙe shi ba, Malam Meshak ya zana wurin da alli a kan siminti, ya hana a share.

Maƙwabta sun ɗauka wasa ne. Afiniki, matar gidan, ta san ba wasa ba ne. Mijinta a gwiwar Kofur yake koyon yadda gwiwa ke lanƙwasa ta miƙe, don ya ƙera wa 'yarsa ƙafafun ƙarfe masu tafiya da ita. Sau biyu ya ƙera. Na farko nauyi ya yi mata, ko ɗagawa ta kasa. Na biyu ya ci mata fata a ƙwauri, gyambon ya yi wata uku bai warke ba.

"Baban Selina," in ji Afiniki tana wanke ciwon, "yarinyan nan ba roba ba ne. In ka ɓalle shi ba za ka maida ba."

Ya ce, "Saura kaɗan, Mama. Gwiwan ne kawai ban gane ba."

Ciwon ajali ya fara ne bara da damina, lokacin da babbar giyar ƙugu ta zubar da haƙori ɗaya. Kofur ya fara ɗingishi, muryarsa ta koma kas, shiru, kas. Malam Meshak ya shiga kantunan Jos da na Kaduna da giyar a aljihu, masu kanti suna juya ta a tafin hannu suna mayar masa. Ya rubuta wa Baturiyar wasiƙa uku, ta ukun ta dawo ba a buɗe ba. Daga ƙarshe ya goge wata da hannunsa daga guntun tagulla, mako biyu yana kai, ta fito sumul. Ita ce ta kashe shi. Tagulla ta fi roba ƙarfi, ta bi sauran giyoyin tana cin haƙoransu ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Lahadin, da suka dawo daga sujada, ya murɗa makullin a gaban iyali. Kofur ya ce ƙirrr, ya ɗaga ƙafar dama, ya tsaya da ita a sama. Wani abu ya ce tas a cikinsa, farin gari ya zubo ta ƙasa. Malam Meshak ya durƙusa zai buɗe shi, Selina ta riƙe masa hannu. Shekararta goma sha uku yanzu.

Ta ce, "Baba, shi ma ya gaji. Ka bar shi."

"Zan samo wani giya."

"Ni ma ka bar ni, Baba. Anti Martha ta ce in zo Godogodo, tana da keken ɗinki na hannu. Hannuna lafiya yake."

Ya tashi ya ɗebo ruwa a kofi, ya wanke layin allin da kansa.

Marigayin ya bar bulo saba'in da ba su sami wuri a jikinsa ba, da ƙafafun ƙarfe huɗu a ƙarƙashin gado, da littafin zane da babu wanda zai sake buɗewa, da maƙerinsa, wanda tun ranar bai taɓa kayan aiki a gida ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe takwas na safe, ƙarƙashin mangwaron bayan kwatas, a cikin gwangwanin biskit. Fasto ya ce ba zai yi addu'a a kan roba ba, amma zai zo ya tsaya kusa da mai makoki. Ba za a dafa komai ba, kuma ana roƙon zumuntar mata kada su yi waƙa. Masu zuwa kada su makara, domin motar Godogodo ƙarfe tara take tashi, kuma Malam Meshak ne zai goya Selina zuwa tasha.