Ranar da Takalman Surukaina Suka Bi Ruwa

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da aka zo neman auren autata Hannatu, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawa. Na gaji da labarin nan. Amma tunda kowa a layinmu na Samaru yana ba da shi yadda ya ga dama, gara ku ji daga bakin mai shi.

Daga Kanada abin ya samo asali. Babbar 'yata Rifkatu ta haihu a can, na je zaman jego, tafiyar kuma ta faɗo tsakiyar sanyinsu. Dusar ƙanƙara takan zuba har ta toshe ƙofa, mota ta kasa fita. Amma su ba sa wahala. Tun kafin sanyi ya kama, gida yakan zaɓi kamfanin da zai riƙa kwashe masa. A gabana Rifkatu ta zaɓi nata: kuna da mota mai shebur a gaba? Kuna zuwa da wuri? Kuna watsa gishiri don kada mutum ya zame? Gari na wayewa sai ka ga gaban gidanka tas, daga iyakarka zuwa iyakarka, na maƙwabci ba ruwanka. Abin ya shiga raina. Na dawo ina ta "a Kanada, a Kanada", har 'yan zumuntar mata na cocinmu suka fara canza hanya in sun hango ni. (A lokacin na ɗauka sauri suke yi.)

Mu kuwa kwata guda ce ta bi ta gaban gidajen layinmu duka, ta gangara bakin titi. Duk shekara in damina ta kawo jiki, Malam Tanimu, dattijon layin, yakan kira gayya. Maza su fito da shebur da manjagara, su fara yasa daga can ƙasa su hauro, mu mata mu dama kunu. Ni ce mai babbar tukunya, don haka ni yake fara tuntuɓa.

"Malama, yaushe za mu sa ranar kwata? Gabas ta fara baƙi," in ji shi.

Na ce, "Malam, bana kam a huta. Kamfani zan ɗauko, ƙwararru."

"Kai, madalla! Allah ya saka da alheri." Ya tafi yana ta sa mini albarka. Na ɗan yi mamakin wannan murna tasa, amma ban tambaya ba.

Ita Hannatu abu ɗaya ta roƙe ni. Kawun yaron da ke neman ta ne zai jagoranci baƙin, Baba Yohanna na unguwar Muchia, wanda ya riƙe shi tun yana ƙarami, kuma ya riga ya faɗa cewa sai ya ga gidan da yarinya ta fito kafin ya ce uffan. "Mama, don Allah su zo su tafi ba abin kunya," ta ce. "Kuma ki bar Kanada ta huta ranar." Na ce ta kwantar da hankalinta, ai ba yau aka haife ni ba.

Na hau keke napep zuwa Sabon Gari neman ƙwararru. Masu shebur da baro da na gani a bakin hanya ko kallonsu ban yi ba, tunda ba su da ofis. A wajen unguwar PZ na samu wasu masu allo a ƙofa da riguna ruwan ɗorawa da hular kwano. Na zauna na jero musu tambayoyin Rifkatu. (Saura kaɗan in tambayi gishiri, Allah ya rufa asiri na kama bakina.) Manajan ya ce, "Madam, daga ina zuwa ina za a yi?" Na ce daga iyakata zuwa iyakata. Ya dube ni, ya ce yadda na ce haka za a yi.

Ana gobe baƙi za su zo suka yi aikin, kuma tsakani da Allah sun iya. Sun yashe kwatar gaban gidana ta yi zurfi, sun wanke, sun tafi da dattin. Akwai buhunan yashi da marigayi maigidana ya jera a bakin ƙofa tun da daɗewa, na ce su ma a kwashe, sun yi muni. Maƙwabta na tsaye a ƙofofinsu suna ta sannu da aiki. Da motar ta tashi ba wanda ya ce komai, don ba a tambayar mai kyauta ina saura.

Washegari da la'asar baƙi suka iso, suka tuɓe takalma a ƙofar falo, aka yi addu'a. Ana cikin gaisawa ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Baba Yohanna ya ce ya ga kwatar gaban gidana fes, ya yaba. Wayyo, da ma bai yaba ba! Na gyara zama na shiga Kanada. Hannatu na leƙe daga ƙofar kicin tana girgiza mini kai, ni kuwa ina kan bayanin mota mai shebur.

Wari ne ya fara shigowa. Sai baƙin ruwa ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa, da ledoji da ɓawon rake, ya haye kafet. Ruwan layin duka ne ya sauko, ya tarar da ƙasan kwatar da ba a yashe ba a toshe, ya juyo ta inda buhunan yashi suke a da.

Baba Yohanna ya miƙa wuya ya ce, "Maman Hannatu, wancan da ke fita kamar takalmina ne."

Nasa ne. Da na sauran, a jere kamar 'yan agwagi.

Muka fito. Ga Malam Tanimu da mazan layi cikin ruwa tsamo-tsamo, suna fama da toshiyar. Ya ɗago, ba da wata manufa ba, a gaban baƙina ya ce, "Malama, yaushe kamfanin za su dawo su ƙarasa? Mu fa su muke jira."

Ashe abin da ya sa mini albarka a kai ke nan. A layin nan ba a taɓa jin wanda ya yashe gaban gidansa kaɗai ba. Da ƙyar na ce, "Ai... iya nawa na ce su yi."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Hannatu na bayana tana kuka, ni kuwa ko juyawa na kasa.

Baba Yohanna ne ya naɗe wandonsa, ƙafa ba takalmi, ya karɓi manjagara a hannun wani ya shiga. Da ruwa ya janye, ya zauna a kujerata jiƙaƙƙiya ya ce, "Gidan da maƙwabta za su fito cikin ruwa haka dominsa, bayan abin da aka yi musu, ba gidan banza ba ne. Muna son yarinya." Da silifas ɗin marigayi ya koma Muchia, don ƙafa ɗaya kawai aka tsinto.

An yi aure, har da jika. Abin da na koya kuwa, ƙanƙararsu inda ta faɗi nan take zama ta jira kamfani, ruwanmu bai san iyakar gidan kowa ba. Yanzu gabas na yin baƙi nake ɗora tukunya, ba sai Malam Tanimu ya yi sallama ba. Amma har yau in muka haɗu da Baba Yohanna, ko a coci ne, kafin ya tambayi lafiyata sai ya ce, "Maman Kanada, an ga ɗayan kuwa?"