Roƙon Kada a Canja Garin Kaifin Ƙwaƙwalwa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Ganye Ba Illa, Jimeta.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa, da fatan lasifikar motar tallarku tana cikin ƙoshin lafiya. Ni ɗaliba ce 'yar aji shida. Ko a aji ba na iya ɗaga hannu, a gafarce ni da na ɗaga alƙalami.

Goggona Azumi, wadda ta riƙo hannuna daga Mubi shekarar gudun hijira, ba ta da buri sai in ci jarrabawar kammala sakandare. Ita ta sayo garinku a bakin babbar kasuwa, ta dama mini a kunu.

Na ɗaya: kun ce yana buɗe kai. Ya buɗe kuwa. Leɓɓana suka kumbura, idanuna suka shige, borin jini ya rufe ni har fatar kai. Sai a lokacin na san amfanin rula wajen susa.

Na biyu: da Goggo ta koma, mai tallarku ya ce dattin jiki ne yake fita, a ƙara cokali. Aka ƙara. Ranka ya daɗe, wane irin datti ne wannan a jikin yarinya mai wanka safe da yamma? A asibiti Sista Kezia ta tambayi abin da ke cikin garin. Muka duba leda, an rubuta "sirrin kakanni". Shin kakannin sun bar lambar waya?

Na uku, wanda ya fi damuna: a cikin wannan hali aka ɗauki hoton jarrabawa. Malaminmu, Malam Hosea, ya ce an riga an tura, ba a canjawa. Yanzu na warke, kuma ban yi kama da hotona ba. Wadda fuskarta ta saɓa da hotonta kuwa, fitar da ita ake yi daga zauren jarrabawa, wai sojan gona ce.

Saboda haka ba ƙara na kawo ba, roƙo ne. Don Allah kada ku gyara garin, kada ku rage masa komai. Safiyar jarrabawa zan sha cokali biyu don in yi kama da kaina. Zan rubuta da dama, in yi susa da hagu.

Taku mai biyayya, daga fatar kai har tafin ƙafa,

Naziha Lawal,
Jambutu.