Jatau da Jan Haƙoransa

A ƙauyen Gidan Ɗinya an yi wani mutum, Jatau, da matarsa Tasalla da 'yarsu Uwani da ake shirin bikinta. Jatau ba ya musu da kowa, sai dai yadda magana ta fito daga bakinka, haka zai aikata ta. Goro da shayi sun rine masa haƙora jawur. Uwani ta ce, "Baba, haka za ka yi dariya a hoton bikina?" Maganar ta tsaya masa a rai.

Wata rana ya je asibiti. Malamar asibitin ta leƙa bakinsa ta ce, "Baba, ka nisanci goro." Ranar kasuwa sai ga Jatau can gindin tsamiya, taku talatin daga faifan Iro mai goro, yana ƙwala kira: "Iro, jefo mini ɗaya! An hana ni matsowa." Goron farko da aka jefo, mai kifi ya samu a goshi.

Wata rana Tasalla ta gan shi da kofin zoɓo, ta ce, "Malam, shi ma fa yana kama haƙori." Jatau ya ajiye kofin a hankali, ya ƙura masa ido. Tana shiga ɗaki ya juye tulun zoɓon duka a rariya, ya tone tukar da tsinke. Ta fito ta tarar tsakar gida ja.

"Tasalla, na duba, ba hannu ba baki. Da me yake kamun?"

Wata rana ta gaji, ta ce, "Tunda ba ka iya barin shayin nan, to kada ka bari ya taɓa haƙoran!" Jatau ya zaga bayan gida, ya yanko sandar ganyen gwanda, mai ramin nan a ciki. Kullum da safe sai ya zura ta can cikin baki ya zuƙi shayinsa, 'yan teburin mai shayi suna ta dariya har da ƙwalla.

Ana saura kwana uku biki ya koma aka wanke masa haƙoran. Malamar ta hango sandar a aljihunsa ta tambaya, ya gwada mata. Ta tafa hannu.

"Baba, wa ya koya maka? Abin da muke ta fama da mutane su yi ke nan!"

Jatau ya washe baki fari tas. Can kuma ya leƙa ramin sandar.

"Malama, ba wata gwanda mai faɗin da goro zai wuce?"